Mai Jan Layi

Ni ne mai alli.
Ba a sa sunana a takardar gayyata ba,
amma kafin a ɗaga labule
ni ke tsugunnawa in raba Kano gida huɗu
a kan katako taku ashirin.

Nan Birni, na kafa masa ganuwar kwali.
Nan Fagge, inda raƙumi ya sauke kaya, Kwara ya buɗe kanti.
Nan Sabon Gari: kwanon rufi mai tsatsa da kwalbar manja.
Can gefe, inda fanka ta fi kaɗawa,
Nasarawa ce, kujerar kwance da tukunyar fure.
Tsakaninta da sauran na bar fili fetal.
Malam Jatau ya ce ko tsintsiya kada ta kwana a ciki,
wai don sauro aka bar shi haka,
sai ka ce sauro ya iya karatun taswira.

Ilu ne Bature.
Gwangwani biyu na hoda muka ƙarar a fuskarsa,
yana magana ta hanci, yana nuni da sanda.
Tanimu ne kukunsa,
shi kaɗai aka yarje wa tsallake layi,
ya kwana a ɗakin baya kusa da kaji,
matarsa Kulu na Fagge tana ƙirga Juma'o'i.

Obiageli kuwa, haihuwar Gwagwarwa,
wadda Hausarta ta fi tawa gishiri,
an ce ta karya harshe don ta yi kama da baƙuwa.
Sati uku tana koyon ɓata "ina kwana".
Ran nan ta ce mini:
"Gara a sa ni dakan gero da wannan."

Aka fara.
Kulu ta miƙa kwabo ta saman layi,
Obiageli ta miƙo garin rogo,
ɗan sanda ya busa usur, kowa ya koma akurkinsa.
Sai wata tsohuwa a sahu na uku ta miƙe da sandarta:
"Yaro, layinka ya karkace!
Rijiya ɗaya muka sha da Iya Abeke,
ita ta yi mini wankan jego.
Ina ka ajiye rijiyar?"
Zaure ya ɗauki dariya.
Ni ban yi ba.
Ba a ba ni rijiya a cikin lissafi ba.

Zafi ya yi zafi.
Gumi ya fara tone asirin Ilu,
Bature na narkewa daga goshi,
ɗan Yakasai na leƙowa ta ƙarƙashi.
Ƙafafu na kai da komo,
allina na bin tafin kowa.
Kafin fitowa ta uku
Fagge ta shige Sabon Gari har gwiwa.

Sannan aka ɗauke wuta.

Da aka haska fitilun waya
sai ga Bature zaune a kan ganuwa, ta lotse,
kuku na yi masa fifita da hularsa,
Obiageli ta riƙe Kulu tana cewa,
da Hausarta ta gaske, "Yi a hankali, akwai ƙusa."
Tafin da aka yi ya fi na ƙarshen wasa.
Malam Jatau ya dafe kai.

Bayan an watse na share katako tas,
ko ɗigon fari ban bari ba.
A bakin ƙofa masu adaidaita na kira:
Bata! Kurna! Mandawari!
Jama'a na rabuwa kashi kashi,
babu usur, babu mai nuni da sanda.
Wayar Obiageli ta yi ƙara, uwarta ce:
kada ta kai dare a wancan ɓangaren.
Ilu ma tasa ta kira,
da kalmomin nan, ba ragi.

Na laluba aljihu.
Allin na nan, ban fita da shi titi ba,
ban san wa ya ja wancan ba.
Gobe ƙarfe huɗu akwai wani wasan.
Zan roƙi Malam ya bar ni in zana rijiya.